Babur Da Doguwar Tafiya

Mutane da yawa a ƙasarmu sun ɗauka babur abin hawa ne na cikin gari kaɗai, watau na zuwa kasuwa da wurin aiki, da ɗaurin aure a unguwar da ke kusa. In aka ji wani zai hau babur daga Zariya zuwa Jos ko Kano, sai ka ji ana cewa, "Wane ya gaji da duniya ne?" ko kuwa a ce kuɗin mota ne ya gagare shi. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Babur yana kai mutum duk inda mota ta kai shi, har da inda mota ba ta shiga, muddin mai shi ya san hakkinsa, ya kuwa ba shi.

A Wusasa na ke zaune, bayan ganuwar birnin Zazzau ta wajen yamma, kusa da dutsen Kufena. Garin ya bunƙasa ne tun 1929, sa'ad da mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a cikin birni ta taso ta komo nan, aka gina coci da makaranta da asibiti. Saboda karatun da aka yi da wuri, 'ya'yan Wusasa suka watsu ko'ina wajen aiki, wannan malamin makaranta, wancan malamin asibiti, wancan kuma soja. Da wuya ka sami gida a nan, na Musulmi ko na Kirista, wanda ba shi da ɗan'uwa a wani gari mai nisa. An ce zumunta a ƙafa ta ke, to, ƙafar mai ƙaramin albashi irina ita ce babur. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama abin da a ke yi wa dogon lissafi kafin a tashi.

Magabatanmu a aikin akawu, malaman En'e, da doki su ke fita rangadi, da alƙalami da littafin haraji a cikin jaka. Daga baya keke ya zo, sa'an nan babur. Dattawan da suka ga wannan zamani har yanzu ba su gaji da labarin BSA ba, babur na Ingila wanda a ke ƙerawa a Birmingham, mai nauyi, mai ƙara kamar tsawa, wanda in ka buga masa kik da sakaci ya kan rama a ƙwaurinka. Kamfanin ya durƙushe a 1973, ita kuma En'e aka shafe ta a 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. Besfa ta Italiya ta yi nata yayi, ita ce ta malamai masu babbar riga, don ba ta ɓata tufafi, ga kuma tayar safaya a jikinta. Amma abin da ya cika titunanmu da babura shi ne ƙarin albashin Udoji da aka ba ma'aikata a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda a nan Wusasa ya tashi. Masinja da akawu da malamin firamare kowa ya tafi kanti ya turo Honda ko Suzuki ko Yamaha. A 1979 Honda ta kafa kamfaninta a Ota ta Jihar Ogun. Yau kuwa na Indiya da na Sin sun fi yawa, su Bajaj da TVS da Jincheng da Haojue.

Nawa irin CG 125 ɗin nan ne, kuma labarin asalinsa ya isa a ji shi. Masu ƙira na Honda sun zaga ƙasashe masu zafi irin namu, suka tarar mutane suna ɗora wa babur kayan jaki, ba su sake baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba su kuma kula da ƙurar da inji ke sha. Sai suka koma Japan suka fito da inji mai sauƙin gyara, mai haƙuri da wulakanci, suka sa shi kasuwa a 1975. Waɗansu masu babur su kan faɗi wannan labari da alfahari. Ni in na ji shi kunya na ke ji, domin ma'anarsa ita ce baƙo ya zo ya ga yadda mu ke riƙon dabbarmu, ya koma ya nemo mana wadda ba ta mutuwa da yunwa da wuri.

Wanda ke shakkar ko babur ya iya doguwar tafiya, bari in ba shi labarin waɗansu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. Ran 11 ga Disamba 1934 suka tashi daga Landan a kan babur guda, Panther, mai akwatin zama a gefe, yana kuma jan ɗan amalanke na kaya a baya. Suka ƙetare teku suka sauka Aljeriya, suka shiga Sahara ta Tamanrasset, a zamanin da babu kwalta ko taku ɗaya a wannan hanya. Kusa da Agadas inji ya lalace. A Agadas ɗin suka zauna suka warware shi suka mayar, sa'an nan suka gangaro Kano, suka yi gabas, suka yi kudu, har suka isa Cape Town a ƙarshen Afirka ran 29 ga Yuli 1935. Kowa ya ji labarin ƙarfin halinsu ya ke yabo. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sun san abin da ke cikin injin da suka hau. Da ba su san shi ba, da a Agadas labarin ya ƙare.

To, mai karatu, mu zo kan hakkin babur. Na farko, wanda ya fi duk sauran, shi ne baƙin mai. Injin ƙaramin babur ba shi da ruwan sanyaya kamar na mota, iska da man nan su ne ke ɗauke masa zafi. Man kuwa bai fi lita 1 ba, shi ne ke shafe fistin, shi ne ke shafe haƙoran giya, a cikinsa kuma kuloci ke iyo. Ka ga aiki uku a wuyan abu guda. In ya tsufa ya kan yi ruwa-ruwa, ya cika da garin ƙarfe, sai ya koma yana cin abin da aka sa shi ya tsare. Ni duk kilomita 1,000 na ke juye nawa, ko da idona ya ga kamar da sauransa. A kan juye shi ne sa'ad da inji ke da ɗumi, don ya tsiyaye sarai ya fito da dattin da ke kwance. Kada a zuba mai na mota barkatai, gama akwai irin da a ke sa wa abin ƙara santsi, wanda ya kan sa kuloci ya riƙa zamewa, ka murɗa totur ka ji ƙara amma babur ba ya gaba. Kada kuma a sayi wanda a ke aunawa a kwalba a bakin hanya, ba ka san mafarinsa ba. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike a wani gari, ina kallo ya ɗauko galan mai kyakkyawan suna, amma hatimin bakinsa a karye. Da na ce ya ɗiga mini a yatsa, sai ga tsohon mai ne aka tace. Ya yi ta rantsuwa, na ce masa, "Malam, bar rantsuwa, ba ni murfina." Na tura babur zuwa gidan mai na sayi mai hatimi.

A nan ne karatun da ka yi zai yi maka rana. Wanda ya iya karatu ya duba rubutun galan da kansa, ya karanta lambar da agogon babur ya nuna, ya kuma buɗe ɗan littafin da a ke bayarwa tare da sabon babur, wanda yawancin mutane ke bar wa yara su yi wasa da shi. Ina da wani ƙaramin littafi a ƙarƙashin sirdi, a naɗe cikin leda. Duk ran da na sake mai, ko taya, ko sarƙa, sai in rubuta kwanan wata da lambar agogo da abin da na kashe. Abokaina suna yi mini dariya, wai akawu ko a kan babur akawu ne. Amma in bakanike ya ce mini fulogi ya tsufa, ni kan buɗe in gaya masa ranar da aka sa shi.

Bayan mai sai iska. Inji yana numfashi kamar mutum, akwai kuwa wani soso a cikin akwati a gefensa wanda ke tace ƙura kafin iska ta shiga kafireta. Da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe dutsen Kufena har ba a ganinsa daga ƙofar gida, soson nan ya kan toshe cikin 'yan makonni. A ciro shi a wanke da kananzir, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse, sa'an nan a mayar. In na takarda ne ba a wanke shi, sabo a ke sa wa. Waɗansu in ya toshe sai su cire shi su yar, su ce babur ya ƙara gudu. Gaskiya ne ya ƙara, na wata biyu ko uku. Ƙurar da ke shiga tana goge fistin da ringi kamar yadda maƙeri ke goge wuƙa da dutse, daga nan sai hayaƙi, sai garambawul, sai kuɗin da ya fi na soso sau hamsin.

Fulogi kuwa shi ne mai ba da labarin abin da ke ciki. In ka kwance shi ka ga bakinsa ƙasa-ƙasa kamar jar ƙasa busasshiya, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, fetur ya yi wa iska yawa, ka duba soso tukuna kafin ka bari a taɓa kafireta. In fari ne fat, inji yana ƙuna da ƙishirwar fetur, wannan kuwa ya fi na farko hatsari. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi ya gaji.

Sarƙa tana son a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu a tsakiyarta. Mai ɗaure ta tam yana zaton ƙwazo ya yi, alhali kuwa in babur ya faɗa rami ba ta da wurin miƙewa, sai ta ci ƙarfen da ke juya ta, ko ta tsinke. In haƙoran faifan da ta ke hawa suka lanƙwashe suka yi tsini kamar farcen shaho, a sake sarƙar da faifan gaba da na baya gaba ɗaya, don sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta daɗewa. Iskar taya da safe a ke aunawa, kafin ta yi zafi. Wayoyin ƙafa kuma a bi su da sifana ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi ƙara ƙwal tana nan daram, wadda ta yi ɓus ta saki.

Yanzu sai maganar sake wa babur kama, wadda a kanta mu ke yawan gardama da samarin unguwarmu. Ba na ƙin a gyara abin hawa ya dace da mai shi, ko doki ai a kan sake masa sirdi da likkafa. Nawa ma ba yadda ya fito daga kanti ya ke ba. Na sa an ƙara wa sirdi soso mai tauri, gama mai laushi daɗinsa na rabin sa'a ne, bayan nan ka nutse ka zauna a kan ƙarfe. Na sa maƙeri ya yi mini maratayi biyu, dama da hagu, ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar tayar baya, inda na ke rataya jaka biyu kamar mangalar jaki. Na sa ƙarfen kare ƙafa a gaba. Na kuma sake faifan sarƙa na baya da wanda ya gaza na asali da haƙori biyu. Amfanin wannan, a kan miƙaƙƙiyar kwalta inji ba ya kururuwa, yana kuma rage shan mai. Abin da na biya a kai shi ne ƙarfin hawan tudu ya ragu kaɗan, sai na sauko giya da wuri. Mai ɗaukar buhunan masara a hanyar ƙauye, shi akasin haka ya kamace shi.

Abin da samari ke yi dabam ne. Ran da aka sayo babur, ran nan a ke kwance madubai a jefa a ɗaki, wai na tsofaffi ne. A huda salansa don ƙara, ba su san iskar da ta fita da sauri tana sa inji ya yi zafi fiye da kima ba, ban da hakkin maƙwabci da marar lafiya da ke kwance. A cire murfin sarƙa. A saki birkin gaba, wai yana kayar da mutum, alhali a kan kwalta shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, domin in an taka birki nauyi gaba ya ke komawa. A cikin yashi ko laka ne a ke bin sa a hankali. Sa'an nan a je wurin mai walda a ƙara wa kariya tsawo har ta wuce tayar baya da kamu guda, a ɗora kaya can ƙarshe. Sai gaban babur ya yi sakayau, tayar gaba tana taɓa ƙasa da ƙyar, kai yana rawa a hannu. Mu da ke zaune kusa da asibiti, ga kuma babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta bi ta Ɗanmagaji a gefenmu, muna ganin yadda a ke kawo ƙarshen wannan ado a bayan mota.

Murfin sarƙa ɗin nan ina da dalilin da ya sa na ke zafi a kansa. Matar wani maƙwabcina an goyo ta daga biki, bakin gyalenta ya sauka ya shiga tsakanin sarƙa da taya. Kafin mai babur ya ankara ya fizgo ta ta baya, ta faɗi da ka. Allah ya yi da sauran kwana, amma ta yi wata uku ba ta ɗaga tulu ba. Tun daga ran nan ba na ta da inji da mace a baya sai na ce, "Hajiya, a tattara mayafi a riƙe a cinya." Babbar riga ma haka, a naɗe ta a zauna a kai, ko a sa ta a jaka sai an isa.

Hular kwano kuwa, sa'ad da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta ran 1 ga Janairu 2009, har ƙwarya da bokitin fenti aka ga mutane sun kifa a ka don su wuce ma'aikata. An yi dariya ƙwarai. Amma ai ba ma'aikaci ne zai bugi kwalta da goshi ba. Hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuma, ita ce ke fara barin mai ita tun bai kai ƙasa ba.

Akwai wani nauyi da ya hau kan mai babur a zamanin nan wanda malaman da ba su san shi ba. Miyagu sun mai da babur abin aikinsu, sai laifinsu ya shafi kowa. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana acaɓa a Kano. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawan babur na wata uku saboda 'yan bindiga. Na jingine nawa a zaure, na juye fetur ɗin kafireta don kada ya daskare a ciki, na cire waya daga batir, na koma bin motar haya. Saboda haka mai niyyar tafiya ya tambayi dokar kowace jiha da zai ratsa, ya tambayi direbobin tasha labarin hanya a ranar da zai tashi, ba labarin makon jiya ba. Lasin da takardun babur su kasance a aljihu. In an tsai da shi a shinge ya kashe inji, ya cire hula a ga fuskarsa, ya yi sallama. Dare kuwa ba na matafiyi a kan babur ba ne ko kaɗan.

Tafiyar da na fi yi ita ce ta Jos, inda ƙanwata ke aure, sama da kilomita 200. Tun da dare na ke shirya guzurin babur kafin nawa: sifana, da filaya, da sukudireba, da fulogi sabo, da tub na safaya, da kayan faci, da famfo, da wayar kuloci, da mahaɗin sarƙa, da 'yar igiyar roba. Masu nauyi a ƙasan jaka, a raba su daidai dama da hagu. Bayan sallar asuba, in gari ya waye sosai, sai in karanta addu'ar hawa wadda ke cikin Suratuz Zukhruf, in bar inji ya yi ɗumi, in ratsa Tudun Wada, in ƙetare kogin Galma, in kama hanya. Tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka ƙasaru ta halatta.

Ba na wuce kilomita 70 a sa'a, duk sa'a guda kuma ni kan tsaya, ni in miƙe ƙafa, inji ya huce, in zaga shi in taɓa kowane noti da ido. Soba, Dutsen Wai, sa'an nan Pambeguwa inda hanyar Kaduna ta haɗu da tamu, nan ne zangon shayi. Ta wannan yanki ne ƙaramin jirgin ƙasa na Bauci ya bi, wanda ya haɗa Zariya da Jos a 1914 don jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Tsofaffi sun ce saboda rashin saurinsa mutum ya kan sauka a hawa ya taka da ƙafa ya sake shiga. Abin tsoro a hanyar nan ba gudu ba ne kaɗai. Akwai iskar babbar mota, wadda in ta wuce ka ta kan ture ka sa'an nan ta jawo ka. Akwai akuya, wadda ba ta yanke shawara sai ka iso. In garken shanu na ƙetarewa, ka tsaya cik ka jira na ƙarshe, don ɗan maraƙin da aka bari a baya a guje ya ke biyo uwarsa. Ruwan farko na damina kuma ya kan taso da man da ya kwanta a kwalta, ta yi santsi kamar an zuba kuɓewa.

Daga Saminaka, ƙasar masara, sai Jengre, daga nan hanya ta fara hawa. Zariya tana sama da teku da mita 600 da ɗoriya, Jos kuwa wajen mita 1,200. Iskar can ba ta kai tamu kauri ba, sai ka ji babur ya ɗan yi kasala. Ba ciwo ba ne, kada ka bari wani ya kwance maka kafireta a kansa, ka sauko giya ka bi shi a hankali. Rigar sanyi kuwa tun daga Jengre a ke sa ta, ko da bazara ne.

Komowa ta fi zuwa bukatar hankali, don gangara ce, ga kuma dankalin Turawa da kabeji da ƙanwata ba ta bari in taho ba tare da su ba. Waɗansu su kan kashe inji ko su sa furi a gangara don tsimin mai, su bar wa birki dukan nauyin. Birki in ya yi zafi ya kan daina kamawa, a daidai wurin da a ke bukatarsa. Ni a giya ta uku na ke saukowa, inji yana riƙe da babur, ina taɓa birkin gaba da na baya tare, kaɗan kaɗan, ina saki. In na iso Jengre sai in tsaya in kai bayan hannu kusa da tukunyar birki in ji zafinta, in sake ɗaure buhun dankali, gama igiya ta kan saki bayan gargada, in ɗiga wa sarƙa mai, sa'an nan in nufi Saminaka don in sami azahar a can.